Jiyayya da Biyayya: Sunayen da Ke Cikin Kwamfutar Inshorar Lafiya

Idan Bahaushe ya ce datarsa ta ƙare, an san abin da yake nufi: abin da ya saya a waya ya cinye, saƙo ya daina shiga. A kamfanin inshorar lafiya na Amurka kuwa data ba ta ƙarewa, taruwa take yi. Ita ce sunan majinyaci da ranar haihuwarsa, da cutar da likita ya rubuta masa, da gwajin da aka yi masa, da kuɗin da asibiti ya nema, da wanda aka yarda aka biya. Kalmar ta shigo mana ta hannun kamfanonin waya, sai muka karɓi gefe ɗaya nata, sauran ma'anar ta tsaya a waje.

Asalinta Latin ne. "Datum" shi ne abin da aka bayar, "data" jam'insa. Mu kuwa idan muna son waccan ma'anar sai mu ce bayanai, daga "bayan" na Larabci, fito da abu fili har a gane shi. Wannan saɓanin yana burge ni ƙwarai. Data abin da aka miƙa maka ne, ko ka gane ko ba ka gane ba. Bayani kuwa bai cika bayani ba sai an fahimta. Dokokin da gwamnatin Amurka ta yi ta ɗora wa kamfanonin inshorar lafiya daga 2020 zuwa yau, in an tace su, ƙoƙari ne na mayar da data ta zama bayani.

Amma tukuna, ita kanta inshora. Direbobi ne suka riga kowa saninta, domin takarda ce da ake tambaya a hanya tare da lasin. Daga Ingilishi muka ɗauko ta, shi kuma ya gina ta a kan "sure", wadda ta gangaro ta Faransanci daga "securus" na Latin: "se" babu, "cura" damuwa ko kulawa. Mai inshora, a lafazi, shi ne wanda aka ɗauke wa damuwa. Wannan "cura" ɗin ita ce kuma ta haifi "cure", warkarwa. Ashe damuwar da ake ɗauke wa mutum da jinyar da ake yi masa daga tsatso ɗaya suke.

Larabawa sun ce ta'amin, daga tushen da ya ba mu aminci da amana da imani. Masu gudun riba suka ce takaful, ɗaukar nauyin juna. Hausa na da tata tsohuwa, lamuni, daga kalmar Larabci ta mai tsaya wa wani; harafin nan mai nauyi da ke farkonta lam yake komawa a bakinmu, yadda ya yi a larura da lamiri, da tsakiyar alƙali da alwala. Da jihar Kano ta tashi kafa nata tsarin, ba ta ce inshora ba, ba ta ce lamuni ba. Taimakekeniya aka ce. Sunan ya yi aikin da dogon jawabi zai yi, ya gaya wa ma'aikaci cewa abin da ake cira a albashinsa gudummawa ce da za ta je ta dawo.

A Amurka, cikin takardun hukuma da bakin ma'aikatan harkar, ba a cika kiran kamfanin inshora da sunan inshora ba. "Payer" ake cewa, mai biya. Lauyoyi kan rubuta "payor". Sunan ya haɗa kamfanoni irin su UnitedHealthcare da Aetna da Cigna da shirye-shiryen gwamnati biyu da aka kafa a 1965, Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi. "Pay" ɗin daga "pacare" ne, kwantar da hankali, ɗan'uwan kalmar Latin ta zaman lafiya: ka biya bashi, ka kwantar da hankalin mai bin ka. Likita da asibiti da ɗakin gwaji da mai sayar da keken guragu kuwa duk an zuba su cikin suna ɗaya, "provider", mai samarwa. Likitoci da yawa ba sa son sunan, kuma ina ganin suna da hujja.

Akwai wata da ta fi duka tona ciki. Kuɗin da kamfani ya kashe wajen jinyar mutane, a lissafin harkar "medical loss" ake kiransa, wato asara. Gado ne daga inshorar jiragen ruwa da ta gobara, inda biyan diyya ke nufin jirgi ya nutse ko gida ya ƙone. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta wajabta wa kamfani ya kashe aƙalla kashi 80 ko 85 cikin ɗari na abin da ya karɓa a kan jinya da inganta ta, in ya gaza ya mayar wa mutane rarar. Abin da majinyaci ya zo nema, a littafin kamfani a shafin asara ake rubuta shi, kuma doka da wannan shafin take auna kamfanin.

Harshen farko da waɗannan kamfanoni suka iya, harshen kuɗi ne. Takardar da asibiti ke aikawa don a biya shi "claim" ce, daga "clamare", ɗaga murya. Da'awa ke nan. Abin da kamfani ke yi mata kuwa "adjudication" ne, yanke hukunci, kalmar kotu, ko da yake yawancin da'awoyin kwamfuta ce ke yanke musu hukuncin ba tare da idon mutum ya gan su ba.

Salon da ake rubuta da'awar da shi sunansa X12. Babu ruwan sunan da lafiya. Lambar wani kwamiti ce da hukumar ƙa'idoji ta Amurka, ANSI, ta kafa a 1979 don 'yan kasuwa su riƙa aika wa juna takardun oda da rasit ta kwamfuta. Shi ya sa kowace takarda lamba ce. 837 ita ce da'awa, 835 bayanin abin da aka biya. 270 tambaya ce, ko inshorar wannan mutumin na aiki, 271 amsarta. 834 rajista, 278 neman izini kafin a yi wa mutum aiki. Ma'aikacin harkar zai ce 837 ta tafi, 835 ba ta dawo ba, abokin aikinsa kuma ya gane asibiti bai ga kuɗinsa ba.

In ka buɗe 837 ba za ka ga jimla ko ɗaya ba. Layuka ne da taurari ke raba gaɓoɓinsu, kowanne ya ƙare da wata 'yar lanƙwasasshiyar alama. Layin suna yana farawa da NM1. In 85 ta biyo baya, sunan mai neman kuɗin ne. In PR ce, mai biya. IL shi ne wanda aka yanki inshorar da sunansa, QC kuwa majinyacin da ke ƙarƙashin wani. Yarinyar da aka kwantar da zazzaɓi QC ce, mahaifinta IL. Ciwon nata yana wani layin mai farawa da HI, shi ma lamba ne. Abin da likita ya ji da ya ɗora abin saurare a ƙirjinta ba shi da gurbi a takardar, domin don a biya aka tsara ta.

Tsakanin asibiti da mai biya akwai dillali, "clearinghouse". Sunan daga bankunan Landan ya taso. Wajajen 1770 akawunan bankuna suka gaji da zagaya gari suna kai wa juna cak, sai suka riƙa haɗuwa a wata mashaya mai suna Five Bells a titin Lombard, kowa ya miƙa nasa, a cire na cirewa, a biya bambanci. Gidan warware lissafi ke nan. A Fabrairun 2024 aka ga yawan abin da ke rataye a wuyan wannan tsohon suna, da 'yan kutse suka shiga Change Healthcare, mallakar UnitedHealth. Asibitoci da kantunan magani suka yi makonni ba sa iya aika da'awa. Shugaban UnitedHealth na lokacin, Andrew Witty, ya shaida wa majalisar dokoki cewa an biya fansar dala miliyan 22, kuma ta wata mashiga da ba ta da tantancewa mai mataki biyu aka shigo. Daga baya kamfanin ya ce abin ya shafi bayanan mutum kusan miliyan 190.

Wa ya ɗora X12 a kan harkar lafiya? Dokar HIPAA, wadda Bill Clinton ya sa wa hannu a Agustan 1996. Amurkawa da yawa na rubuta ta da P biyu, suna kuma zaton P ɗin ta "privacy" ce, sirri. P ɗaya ce, kuma ta "portability" ce: mutum ya iya tafiya da inshorarsa in ya canza wurin aiki, kada a ƙi shi saboda tsohon ciwo. Ƙa'idojin sirri daga baya suka biyo, suka fara aiki a 2003, suka kuma cinye sunan ɗungum. Har ta kai ana fakewa da HIPAA a hana mutum takardun jinyarsa, alhali ita ce ta ba shi haƙƙin karɓarsu. Dokar da aka sa wa sunan ɗauka a tafi, sai aka fi saninta da kullewa.

Asibitoci kuwa na da nasu harshen dabam, HL7, daga ƙungiyar da aka kafa a 1987. Bakwai ɗin ba matakin lafiya ba ne. Injiniyoyin sadarwa sun kasa aikin hanyar kwamfuta hawa bakwai, na ƙasa waya da lantarki, na bakwai inda manhaja ke magana da manhaja. Saƙonninsa da tsayayyen layi da wata 'yar hula ake raba gaɓoɓinsu, har ma'aikata ke yi masa laƙabi da bututu da hula. Ga harsuna biyu a ƙasa guda, a kan mutum guda: na taurari yana maganar kuɗinsa, na bututu yana maganar jikinsa.

A 2011 wani ɗan Ostireliya, Grahame Grieve, ya kawo shawarar sabon salo. Da farko "Resources for Health" ya kira shi, daga baya ya zama FHIR, ana furta shi kamar kalmar Ingilishi ta wuta, tambarinsa ma harshen wuta ne. Dabarar ita ce a yayyanka bayanin lafiya ƙanana, kowane yanki da sunansa da adireshinsa irin na shafin intanet: wannan majinyaci ne, wannan inshorarsa, wannan sakamakon gwajinsa. Ƙa'idarsu ita ce a sa abin da kashi 80 cikin ɗari na masu amfani ke buƙata, sauran a bar shi a matsayin ƙari.

Sunan ya ba masu harkar abin wasa, suka kuma yi wasan har ƙarshe. Akwai manhaja mai suna Spark, tartsatsi. An yi Vonk, tartsatsin dai da harshen Holan. Akwai Forge, maƙera. Manhajar da ofishin gwamnati mai kula da fasahar lafiya ya samar don gwada ko mashigar kamfani ta cika ƙa'ida, Inferno aka sa mata, gagarumar gobara. Ƙungiyoyin da ke rubuta jagororin aiki su ma ba su yarda da lamba ba. Ta 2014 Argonaut ce, sunan matuƙan jirgin ruwa na tatsuniyar Girkawa. Wadda ta haɗa masu biya da asibitoci a teburi guda kuwa Da Vinci. Daga X12 zuwa Da Vinci, sunayen kaɗai sun isa su nuna maka an sami sabon zubin mutane a ɗakin.

To ga babbar kalmar, mai gaɓa takwas: "interoperability". "Inter" tsakani, "operari" yin aiki, wutsiyar kuma tana nuna iyawa. Sojoji sun daɗe da ita. A ƙawancen NATO, ita ce ke nufin rediyon sojan wannan ƙasa ya yi magana da na waccan, harsashin wannan ya shiga bindigar wancan. Me za mu ce da Hausa?

Musayar bayanai, in ji gidan rediyo. Ta yi kusa, amma musaya kaɗai ba ta kai ba. Na'urar fas ma musaya take yi, kuma har yau ofisoshin likitocin Amurka na aika takardu da ita: hoton takarda ya isa, kwamfutar da ta karɓa ba ta san abin da ke ciki ba, sai an sa mutum ya zauna ya sake bugawa.

Haɗin gwiwa? Wannan na mutane ne, na niyya. Kamfanoni biyu na iya haɗa gwiwa kwamfutocinsu ba su taɓa gaisawa ba. Jituwa? Rashin faɗa ce, kuma waɗannan kwamfutocin da ma ba faɗa suke yi ba. Fahimtar juna ta fi su, sai dai ta tsaya a kai, ba ta sauko hannu ba.

Ni jiyayya na zaɓa. Gininta sananne ne: so ya ba da soyayya, ƙi ya ba da ƙiyayya, ji ya ba da jiyayya. Abin da ya sa ta dace shi ne "ji" na Hausa hawa uku gare shi. Akwai jin kunne, ƙara ta shiga. Akwai jin "ina jin Hausa", ma'ana ta shiga. Akwai jin "yaron nan yana ji", an faɗa ya yi aiki da shi. Masana harkar su ma hawa-hawa suka kasa tasu kalmar: saƙo ya isa, siffarsa ta karantu, ma'anarsa ta zo ɗaya a ɓangarorin biyu, sannan hukumomin su yarda su yi aiki da shi. Dokar Cures ta 2016 da ta tashi fassara kalmar, abin da ta jaddada shi ne a iya karɓar bayanin a yi amfani da shi ba tare da mai amfanin ya sha wata wahala ta musamman ba. Hausa ta tattara wannan duka a harafi biyu tun kafin a ƙera kwamfuta.

Hawan ma'ana shi ne mai wuya. Duk wanda ya sayi hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu suna ɗaya ne, cikinsa ba ɗaya ba. In aka ce maka mudu goma ta waya ka ji, amma ba ka san abin da za ka samu ba sai ka san mudun wace kasuwa. Don haka harkar ta tara ƙamusoshi. Cututtuka na cikin ICD, wanda ya faro daga jerin sanadin mutuwa da Bafaranshen nan Jacques Bertillon ya tsara, aka karɓa a 1893. Jerin abin da ya kashe matattu ya koma jerin abin da ke damun masu rai, ya sake komawa jerin abin da za a biya wa kuɗi. Amurka ta koma bugu na goma ranar 1 ga Oktoba 2015, da lambobi kusan dubu 70. I10 hawan jini ne, E11 ciwon sukari nau'i na biyu, B50 maleriya mai tsanani irin tamu. Ayyukan likita na cikin CPT, mallakar ƙungiyar likitocin Amurka tun 1966, sai da lasisi ake amfani da shi. Gwaje-gwaje na cikin LOINC, wanda cibiyar Regenstrief ta jihar Indiyana ta fara a 1994.

Kamfanin inshora na ganin E11, ya san mutum na da sukari, ya kuma ga an biya kuɗin gwaji. Ko sukarin ya sauka ko ya hau, da'awa ba ta faɗa ba. Wannan yana can a kwamfutar asibiti, ƙarƙashin lambar LOINC 4548-4, a ɗaya harshen.

Abokiyar tafiyar jiyayya ita ce "compliance". Tushenta "complere" na Latin, cikawa, ta bi ta Sifaniyanci da Italiyanci. Da ta iso Ingilishi sai ta yi kama da "ply", lanƙwasawa, kuma masana asalin kalmomi na ganin kamar ce ta karkatar da ma'anarta zuwa sunkuyawa. Ma'anoni biyu ke nan a riga ɗaya, cikawa da lanƙwasawa. Likitoci ma sun ji nauyin ta biyun, shi ya sa suka rage kiran majinyacin da ke shan maganinsa da ita, suka koma "adherence", liƙewa da abu. Mu muna da bin doka, da cika ƙa'ida, da biyayya. Kunne na iya zaton biyayya daga biya ta fito, abin da zai dace da mai biya. Daga bi take, gininta irin na jiyayya sak. Sai dai jiyayya da gaske tana zuwa tana dawowa, biyayya kuwa sama kawai take kallo.

Ga abin da aka ce a yi wa biyayya. A Maris 2020 hukumar CMS, mai kula da Medicare da Medicaid, ta umarci kamfanonin da ke gudanar da shirye-shiryenta, da masu sayar da inshora a kasuwar gwamnatin tarayya, su buɗe mashigar manhaja ta FHIR. Ta nan mutum zai jawo da'awoyinsa da bayanan jinyarsa tun daga Janairun 2016 zuwa manhajar da ya zaɓa a wayarsa, sabuwar da'awa kuma ta bayyana cikin ranar aiki guda bayan an yanke mata hukunci. Korona ta sa aka ɗaga fara tilastawa zuwa Yulin 2021. Inshorar da ake samu ta wurin aiki, wadda ta fi kowacce yawan mutane, ba ta cikin umarnin.

Tunanin na da kaka. A 2010 aka sa wa tsofaffin sojoji wani shuɗin maɓalli a shafinsu na intanet, in sun danna sai tarihin jinyarsu ya sauko. Blue Button ke nan. A 2018 Medicare ta fito da Blue Button 2.0, wanda mashigar manhaja ce da babu maɓallin dannawa a cikinta. Sunan ya rayu bayan abin da aka raɗa masa.

Yadda kamfanoni suka tunkari umarnin shi ma ya bar suna. Tsofaffin kwamfutocin da'awa, wasunsu tun zamanin harshen COBOL, ba abin da ake taɓawa da wasa ba ne. Sai wasu suka riƙa kwafo bayanan suna fassarawa zuwa FHIR suna tarawa a wata sabuwar ma'ajiya. Wasu suka sa tafinta a bakin ƙofa, duk tambayar da ta zo ya fassara wa tsohuwar kwamfuta, ya fassaro amsa. Wannan salon na biyu "facade" ake kiransa, fuskar gini. Ban ga aibun ko ɗaya ba, duka biyun aikin injiniya ne na gaskiya. Abin da nake dubawa shi ne ko an tsaya a nan. Kamfanin da ya karanta kalmar da ma'anar lanƙwasawa zai buɗe mashiga, ya ci gwaji, ya rufe fayil. Wanda ya karanta ta da ma'anar cikawa zai koma ya gyara adireshin likitocin da suka tashi, ya daidaita lambobin da sassansa ke rubutawa dabam-dabam. Hukumar ma ta lura da tazarar, domin daga 2026 ta ce su riƙa kawo rahoton mutum nawa ne suka yi amfani da mashigar.

Doka ta biyu, ta Janairun 2024, ta shiga inda ya fi ciwo: "prior authorization", izini kafin aiki. A nan ba ma buƙatar tafinta, domin mun san shi a hannun HMO. Sunan HMO a Amurka aka haife shi, likita Paul Ellwood ya yaɗa shi wajajen 1970, doka ta ɗauke shi a 1973, ya ƙetaro Najeriya tare da tsarin inshorar lafiya na NHIS da aka ƙaddamar a 2005, wadda ta zama NHIA a 2022. Duk ma'aikacin da aka tura daga ƙaramin asibiti zuwa na ƙwararru ya san zaman jiran kod. Abu ɗaya ne. Dokar Amurkan ta ce daga 2026 a ba da amsa cikin awa 72 in na gaggawa ne, cikin kwana 7 in ba na gaggawa ba, in an ƙi a faɗi takamaiman dalili, a kuma riƙa wallafa yawan abin da aka amince da wanda aka ƙi. Zuwa Janairun 2027 kuma a riƙa neman izinin ta mashigar FHIR. Magunguna ba sa ciki.

Sai dokoki biyu suka yi karo. HIPAA ta ce neman izini da 278 ake yi, sabuwar doka ta ce da FHIR. Jagorar Da Vinci ta tanadi a fara da FHIR, a juya zuwa 278 a tsakiyar hanya, in ya isa a sake juyawa. A Fabrairun 2024 hukumar ta sanar ba za ta hukunta wanda ya tafi da FHIR zalla ba. "Enforcement discretion" ake kiran wannan, kau da kai bisa sani. Dokar tana nan a rubuce, an dai ajiye bulalar.

Dokar ta 2024 ta kuma ba shiru ma'ana biyu. Kamfani zai buɗe wa likitan mutum bayanansa sai in mutumin ya ce a'a. Amma ba zai miƙa wa sabon kamfanin da mutumin ya koma ba sai ya ce e. A ƙofa ɗaya shiru yarda ne, a ɗayar ƙi ne. Abin da za a miƙa na shekara biyar ne, kuma farashin da tsohon kamfani ya biya asibiti ba ya ciki, tunda abokin gasa ne zai karɓa.

Akwai kuma wani suna da ya kamata duk mai waya ya sani, "covered entity", wanda doka ta hau kansa. HIPAA ta hau kan masu biya da asibitoci da dillalan tsakani. Ba ta hau kan yawancin manhajojin waya ba. Da zarar bayanin ya bar kwamfutar kamfani ya sauka a manhajar da mutum ya zaɓa da kansa, ya fita daga inuwarta, ya koma ƙarƙashin hukumar kare masu sayayya da alƙawarin da mai manhajar ya rubuta. Kamfanin inshora ba shi da ikon hana manhajar don kawai bai yarda da halinta ba. Abin da aka ɗora masa shi ne ya faɗakar.

Sunan da ya fi duka wuya kuwa shi ne na mutumin kansa. HIPAA ta yi umarni a ba kowane majinyaci lamba guda, amma tun 1998 majalisa ke hana a kashe ko kwabo a kan haka, saboda tsoron sa ido. Don haka in kamfanoni biyu za su tabbatar mutum ɗaya suke magana a kai, da suna da ranar haihuwa da adireshi da lambar tsohon kati suke lalube. Mu mun san wannan ciwon daga layin gyaran BVN da NIN. Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, Muhammadu a ta makaranta, Mamman a gida. Sunan uba a nan, sunan gari a can. Ranar haihuwa 1 ga Janairu ga duk wanda ba a rubuta tasa ba. Bahaushen da ke zaune a Hustan ko Niyok da waɗannan takardun yake shiga kwamfutar mai biya.

Kuskuren iri biyu ne. Ko a raba mutum ɗaya ya zama fayil biyu, ko a haɗe mutum biyu su zama fayil ɗaya. Na biyun ya fi haɗari, domin rukunin jinin wani da maganin da jikinsa ba ya so za su shiga tarihin wani, ga kuma laifin fallasa sirri a wuyan kamfani. Shi ya sa jagorar Da Vinci ta ce in ba a sami mutum ɗaya tak da ya dace ba, a mayar da amsar ba a samu ba. Kamfanin da ya yi haka bai karya doka ba ko kaɗan. Sabon kamfani dai zai buɗe wa Malam Mamman fayil babu komai a ciki, likitansa kuma ya sake neman izinin aikin da aka riga aka amince da shi bara.